Hedifon mai om 300 a shagon caji: abin da na canja, da abin da kunne ya ji

8 ga Disamba, 2024

Kaya sun iso. Sennheiser HD 600 ne, na hannu. Yayana ya tsinto shi a kasuwar Alaba ta Legas cikin kayan lantarkin da ake shigowa da su daga Turai, ya ba wani direba ya kawo Kano, ni kuma na karɓo a tasha na wuce da shi ƙauyenmu da ke tsakanin Ringim da Taura.

Sana'ata cajin waya da tura karatu da waƙoƙi a memori. A 'yan shekarun nan na ƙara da kwashe tsofaffin kaset zuwa kwamfuta: wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, kiɗan biki, waƙoƙin noma da aka ɗauka tun muna yara. Wannan aikin ne ya sa nake neman abin da zai gaya mini gaskiyar abin da ke cikin kaset. Irin hedifon ɗin da ake zubawa a tire ranar kasuwar Gujungu, komai ka saka masa dum-dum zai ba ka.

Wannan samfurin ya fito tun 1997, kamfanin Jamus ne, kuma har gobe ana ƙera shi. Bayansa raga ce a buɗe, iska na shiga tana fita. Kusan komai na jikinsa da hannu ake cirewa, ba sai da sukuddireba ba: kebul, kushin kunne, soson kai, har ragar bayan. Dalilin da ya sa masu son sauti ba sa barinsa ya huta ke nan.

Halin da na same shi: kushin ya kwanta, ya yi lakaf, har kunnena na taɓa soson ciki. Ɓangaren hagu na ɗaukewa idan na juya kai. Soson kai ma ya mutu. Sifikun ciki dai lafiyarsu ƙalau, ba karkarwa.

Abu ɗaya zan riƙa canjawa a lokaci guda. Abin gwajina huɗu ne, kuma ba zan sauya su ba: karatun Alƙur'ani da aka ɗauka a situdiyo, kiɗan kalangu na wani biki da na ɗauka da kaina, wata tsohuwar waƙar gurmi daga kaset, sai waƙar zamani ɗaya mai nauyin bes.

12 ga Disamba

Na jona shi a wayata kai tsaye. Muryar mai karatu ta fito fes, har numfashinsa kafin ya ja aya ana ji. Sai dai na ƙure boliyom kuma duk da haka tsohon kaset ɗin gurmi can ƙasa-ƙasa yake.

Ba lalacewa ba ce. Om shi ne ma'aunin yadda abu ke tirje wa wuta. Ƙananan abin kunnen da ke zuwa da waya yawanci om 16 ne ko 32, wannan kuwa om 300 ne. Ba ya jan wuta da yawa, amma yana son a turo masa ita da ƙarfi, wato bolt. Lissafin mai sauƙi ne: bolt ɗaya a kan om 300 miliwat 3.3 ne kacal, alhali wannan bolt ɗayan a kan om 32 ya haura miliwat 30. Wayoyi da yawa kuma ba sa ma kaiwa bolt ɗaya a bakin jak ɗinsu.

Ina da ɗan guntun kebul ɗin nan na Apple mai bakin USB-C, wanda ke da na'urar juya lambobi zuwa sauti a cikinsa. Iri biyu ne: na Amurka yana ba da bolt ɗaya, na Turai rabin bolt, saboda dokarsu ta kare ji. Na kai wa Malam mai gyaran rediyo da ke layinmu, muka saka ƙara mai Hz 50, wato mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, daga kwamfuta, ya ɗora mita. Rabin bolt. Rabin bolt da bolt ɗaya tazararsu desibel 6 ce a ma'aunin ƙarfin sauti, ba kaɗan ba. Ga waƙoƙin zamani da ake cika wa ƙara tun daga situdiyo ya wadatar. Ga kaset bai kai ba.

22 ga Disamba

Kebul. Tsohon ya karye ta ciki, daidai wuyan filogin hagu, tsufa ne kawai. Na sayi biyu. Ɗaya na jan ƙarfe ne baƙi, ba ado. Ɗayan kitsattse ne fari mai ƙyalli, mai sayarwa a intanet ya rubuta cewa an yi masa ruwan azurfa, wai yana buɗe sauti. Kuɗinsa ya ninka na baƙin sau da yawa.

Ga mai irin wannan hedifon: filogin kowane kunne ƙafa biyu gare shi, ɗaya ta fi ɗaya kauri. Harafin L ko R shi ke kallon waje. Wanda ya tura shi a juye da ƙarfi zai buɗe ramin, daga nan sai ɗaukewa ta zama jiki. Kebul ɗin HD 650, ƙanensa da ya fito a 2003, yana shiga nan daidai, kuma ya fi kauri.

Da na saka farin da idona a buɗe, na rantse ya fi haske. Sai na kira ƙanena, na zauna na ba shi baya, na ɗaure idona da rawani, shi yana sauyawa ba tare da ya faɗa ba, boliyom bai motsa ba.

"Yaya, wanne ne yanzu?"

"Farin."

"Baƙin ne. Tun ɗazu ban ma canja ba."

Muka yi ta yi har ya gaji. Wani lokaci in dace, wani lokaci in faɗi, daidai da mai canke. Mita ma abin da ta ce ke nan: kowanne daga cikinsu bai wuce om ɗaya ba daga baki zuwa baki. Om ɗaya a gaban om 300 asarar da zai jawo kimanin 0.03 na desibel ce. Azurfa ta fi jan ƙarfe saurin wuce wuta da kashi 5 zuwa 6 cikin 100, gaskiya ne, amma kashi 6 na abin da dama bai kai a ji shi ba, me zai ƙara?

Bambancin da na ji da gaske na jiki ne. Farin yana da tauri, idan ya gogi wuyan rigata ƙarar gogar na hawa har kunne. Baƙin laushi gare shi, kuma gajere ne, mita ɗaya da rabi, ba kamar na asali mai mita uku da ke jan ƙasa yana kwasar ƙura ba. Baƙin na bari. Farin yana cikin durowa, mai so ya zo mu daidaita.

11 ga Janairu, 2025

Nan ne magana take. Sabon kushin na asali ya iso, tare da faifan soson da ke rufe sifikar ciki. Ana ɓamɓare tsohon da yatsa, a danna sabon zagaye har ya yi ƙas-ƙas.

Ba na buƙatar rufe ido a nan. Da tsohon kushin, sautin a dunƙule yake, da ɗumi, muryar mai gurmi kamar tana manne da kunnena, kuma sama-saman sauti a dushe. Da sabon, kunne ya ja baya daga sifika, sai wuri ya buɗe. Tsinin kalangu, wannan "tas" ɗin da makaɗi ke yi kafin fatar ta amsa, ya fito. Harafin sin da sad a bakin mai karatu suka rabu sosai. Kaurin tsakiya ya ɗan ragu, har a daren farko na ji kamar an rage mini wani abu. Na mayar da tsohon a kunnen dama kaɗai, sabon a hagu, na saka karatu wanda murya ɗaya ce a tsakiya. Muryar ta karkace, launinta ma ba ɗaya ba a kunnuwan biyu. Wannan gwajin kowa zai iya yi, kuma ba ya barin gardama.

Dalilin ba boyayye ba ne. Sifikar ba a sarari take kiɗa ba, a cikin ɗan ɗakin da kushin ya gina tsakaninta da kunne take yi. Zurfin ɗakin, faɗinsa, yawan iskar da bangonsa ke bari ta fice, da yawan sautin da yadin ke shanyewa, duk suna cikin lissafin da injiniyoyin suka yi. Kushin da ya kwanta ya sauya zurfin, ya sauya taurin bangon. Mutum zai iya shekara yana zargin amfilifaya alhali soso ne ya mutu.

Abin da ke ba ni mamaki a zaurukan masu wannan harka shi ne a ga mutum ya kashe kuɗin buhun gero da yawa a kan kebul, hoton da ya ɗora kuwa kushinsa a kwance. Sirdin azurfa ne a kan dokin da bai ci dusa ba.

Sabon kushin ya ƙara matse kai. Maganinsa a zaro ƙarfen gefe har ƙarshe, a ɗan lanƙwasa ƙarfen kaɗai a hankali. Kada a taɓa robar sama, tana tsagewa.

19 ga Janairu

Hunturu ya yi tsanani. Ƙura na bin ragar baya ta shiga, ga karammiskin kushin yana kama ta. Matata ta ɗinka mini jaka da ragowar yadi mai zariya, yanzu daga kai sai jaka. Da asuba idan na sa rigar sanyi ta roba nakan ji tsat-tsat a kunne. Wutar jiki ce ta bushewar iska, ba laifin na'ura ba. In na taɓa ƙofar ƙarfe kafin in ɗauka sai ta lafa.

2 ga Fabrairu

Tun da na ga ana sayar da kushin fatar tunkiya da tsada daga waje, raina ya ƙi kwanciya. Mu da ke ƙasar fata? Fatar jar akuya daga nan arewa ta tsallaka hamada ƙarni da ƙarni, Turawa suna kiranta ta Maroko don ta can ta biyo. Na ɗauki tsohon kushin, na cire yadin, na bar zoben robar, na kai wa wani dattijo baduku da ke ɗinka kube da layu a garin da ke gaba da mu.

Ya juya shi a hannu, ya ce, "Ɗana, wannan na jaki ne ko na mutum?"

Na ce, "Baba, na kunne ne. Nawa."

Ya yi dariya, ya ce in dawo ranar kasuwa. Ya zaɓi fatar akuya mai laushi, ya fefe ta har ta yi siriri, ya naɗe soson da na yanko wurin mai katifa. Ɗinki dai ba a magana, ya fi na kanti kyau.

Sauti kuwa ya tashi daga HD 600 ya koma wani abu dabam. Fata ba ta barin iska ta wuce yadda karammiski ke bari, don haka bes ya ƙaru, waƙar zamanin nan ta yi daɗi ƙwarai, yaran shago har layi suka yi. Amma murya ta lalace. Mai karatu ya koma yana magana ta hanci, kalangu ya yi kumburi, amon ƙasa ya haɗiye kalmomin makaɗi. Ga mai aikin kaset wannan asara ce, don da shi zan riƙa rage bes ɗin da babu shi a cikin faifan.

Na koma na roƙi Baba ya huhhuda fatar ta ciki da basilla, ƙananan ramuka jere, kamar yadda masu ƙera na waje ke yi. Ya yi, yana ta mita wai ina ɓata masa aiki. Hancin ya ragu da yawa, bes ya sauko. Bai kai na asali daidaito ba, amma ya zama abin da za a iya zama da shi. Soson katifar ma yana da hannu a ciki: ya fi na asali tauri, ba ya bin siffar kai, sai ya bar kafa a bayan kunne inda ƙashi ya faɗa.

Na ajiye shi don bazara. Ina da dalili.

9 ga Fabrairu

Abokina mai haya da sifiku a biki ya aro mini tsohuwar amfilifayarsa ta gida, irin ta shekarun 1980 mai fuskar alminiyom, da ramin hedifon babba na milimita 6.35. Ƙarfi kam akwai, ko kwata ban murɗa ba ya ishe ni. Kuma sautin ya yi kauri, mai daɗi, har na fara tunanin in saye ta.

Malam ya buɗe ta ya nuna mini sirrin. Ramin hedifon ba shi da da'irarsa, daga layin sifika aka jawo shi ta cikin rasista, ɗan abin da ke rage wuta, mai om 330 kowane gefe. Shi kuma HD 600 om 300 ɗinsa ba a tsaye yake ba: wajen Hz 100 yana hawa ya wuce om 500. Idan akwai babban rasista a gabansa, wutar rabawa suke yi, kuma inda hedifon ya fi om nan ya fi samun kaso. Na lissafa, ƙarin ya ɗan haura desibel 2 a daidai wurin da ganga ke zama. Wato kaurin nan ba wani albarkar tsohon ƙarfe ba ne, rasista ce ta kuɗi kaɗan. Masu auna kaya suna da ƙa'ida: om ɗin bakin amfilifaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na hedifon. Ga nawa, kada ya wuce 37. Na mayar masa da kayarsa. Dama tana shan wuta fiye da abin da solata za ta ɗauka da dare.

23 ga Fabrairu

Mun haɗa tamu. Akwai wata 'yar da'ira da wani mai suna Chu Moy ya wallafa a intanet a ƙarshen shekarun 1990, ana kiranta CMoy. Aisi ɗaya ce, wato 'yar na'urar da ke ƙara ƙarfin sautin, mai ƙafa takwas, da 'yan rasistoci da kwandansa, da batir mai bolt 9. Turawa a gwangwanin alewa suke saka ta. Mu a gwangwanin lissafi na 'yan makaranta muka saka, ƙarfe ne, yana tare hayaniya.

Malam ya fara ciro aisi mai lamba NE5532 daga wata matacciyar mikisa, don ita ce a hannu. Ta yi kiɗa, amma da ya ɗora mita a bakin fita ba tare da waƙa ba, sai ga wuta a tsaye da yawa. Wannan aisin tana jan 'yar wuta ta ƙafar shigarta, ita kuma da'irar tana da rasista mai om 100,000 a wurin, sai abin ya zama bolt, a kuma ninka shi. Irin wannan wutar ba a ji, amma tana ture fatar sifika gefe guda tana ɗumama zarenta. Ya ce, "Kada ka kuskura ka jona abin tsadarka." Da hedifon ɗin tire muka yi duk gwajin farko. Da'irar an tsara ta ne don aisi mai shigar FET, wadda kusan ba ta jan wuta ta ƙafar shigarta, irin OPA2132 ko OPA2134. Na sa aka nemo OPA2134 a Sabon Gari. Da ita mita ta nuna 'yan milibolt, ƙasa da 20 ɗin da ake cewa kada a wuce.

Canji biyu muka yi. Na farko, asalin zanen yana ninka sauti sau 11, da rasista mai 10k (om 10,000) da mai 1k (om 1,000). Ya yi yawa, ɗan murɗi kaɗan sai ƙara, ga shuu a bayan fage. Muka sa 2k a madadin 1k, ya koma sau 6. Rabin bolt sau 6 bolt 3 ke nan, miliwat 30 a kan om 300, ya fi ƙarfin abin da kunne zai jure. Na biyu, batir biyu muka sa maimakon ɗaya, muka ɗauki layin ƙasa daga tsakiyarsu. Da batir ɗaya aisin na ƙurewa a ɗan sama da bolt 2, da biyu tana kaiwa wajen 5. Sharaɗinsa a riƙa canja su tare, don idan ɗaya ya mutu ya bar ɗaya wuta na iya tsayawa a bakin fita.

Abin da ya sa wannan 'yar da'irar ta dace da wannan hedifon shi ne ba ta da ƙarfin tura wuta mai yawa, shi kuma ba ya nema. Bolt yake so, ita kuma tana da shi. Da mai om 32 ne da ta sha wahala.

Me amfilifayar ta ƙara? Na daidaita ƙarar da mita, da ita da babu ita, a kan waƙar zamani. A ƙara ɗaya ban ji wani sabon launi ba. Abin da ta ba ni shi ne sarari: kaset ɗin gurmi yanzu yana kaiwa inda nake so, da sauran murɗi a hannu, kuma bugun kalangu mai ƙarfi ba ya tsagewa.

27 ga Fabrairu

Zzzz a kunne, da zarar na jona cajar kwamfuta a inbata. Na zare, shiru. Inbatar shagon irin mai araha ce, wutarta ba ta yin lanƙwasa sumul kamar ta gidan wuta, tsalle take yi mataki-mataki, kuma wannan tsallen yana bin caja ya bi USB ya shigo sauti. Ga cajojin waya fiye da ashirin a allo ɗaya, kowacce da nata kukan. Babu kebul ɗin azurfar da zai yi maganin wannan. Yanzu da rana nake cika batirin kwamfuta, idan zan ɗauki kaset in zare komai, kwamfuta a batirinta, gwangwani a nasa. Rediyon kaset ɗin ma na mayar da shi kan batir.

16 ga Maris

Azumi. Na ajiye kiɗa, tafsiri kawai nake kwashewa, mutane na ta kawowa. Buɗaɗɗen baya yana da aibi da rana: injin niƙan maƙwabci, babura, masu zuwa karɓar waya, duk suna shigowa, kuma na kusa da ni yana jin abin da nake ji. Sai bayan tarawihi nake samun aiki. Amfaninsa ɗaya, kiran salla ba ya wuce ni.

Hayaniya na sa mutum ya ƙara murɗi bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na awa 40 a mako shi ne iyakar babba, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Na ɗiga jan fenti a jikin gwangwanin, ba na wuce shi.

20 ga Afrilu

Bazara ta kama sosai. Karammiski yana shan gumi, cikin 'yan makonni ya fara wari ya kuma fara kwanciya. Na wanke shi da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, na matse a tawul ba murɗawa, na shanya a inuwa. Ya farfaɗo, amma soso ba ya son a maimaita masa haka. Kushin na asali kuma ba a Ringim ake sayar da shi ba.

Nan na ɗauko na Baba. Fata zafi gare ta a kunne, amma ana goge ta da tsumma ta koma sabuwa. Wani kushin fatar roba da na saya da arha bara don wani hedifon tuni ya fara barbaɗa mini baƙin gari a wuya. Ta akuya ko gezau. Tsarin yanzu: da rana, sauraron nishaɗi da tantance abin da ke cikin kaset, na fata. Da dare, aikin gyaran sauti, na karammiski.

Na kuma saka Equalizer APO a kwamfuta, manhaja ce ta kyauta mai ɗagawa ko rage sassan sauti. HD 600 ba shi da zurfin bes can ƙasa, daga Hz 100 zuwa ƙasa sauka yake yi. Na ɗaga ƙasan Hz 105 da desibel 5. Dole a rage ƙarar gaba ɗaya da kwatankwacin haka don kada ta tsage, wato kusan rabin bolt ɗinka ya tafi. A nan gwangwanin ya biya kuɗinsa, don da guntun kebul ɗin kaɗai da ba sauran abin ji. Bes ɗin da na samu ta wannan hanyar ya fi na kushin fata tsabta nesa ba kusa ba: ganga ta yi nauyi, murya ba ta motsa daga wurinta ba. Na fata kuma na yi masa nasa saitin, na rage kumburin da ke saman bes, hancin ya kusa ɓacewa. Lokacin gyaran kaset ina kashe ƙarin bes ɗin, tun da a sifikar waya da ƙananan rediyo masu memori mutanena za su ji.

18 ga Mayu

Wani ya tambaye ni me ya sa ban koma kebul mai bakin milimita 4.4 ba, wanda kowane kunne ke da layinsa biyu ba tarayya. Amfaninsa a ƙananan na'urori shi ne ninka bolt, desibel 6. Ni kuma ina da bolt har da ragi. Sai in sayi kebul, in sayi amfilifayar da ke da ramin, don in sami abin da ba na amfani da shi.

Inda matsala ta koma yanzu ita ce abin da nake zuba masa. Hedifon ɗin ba ya rufa wa kowa asiri. Waƙoƙin da ke yawo a memori, waɗanda aka matse aka sake matsewa, aka ciro daga bidiyo aka tura ta WhatsApp, yanzu ina jin ruwa-ruwan da ke saman sautinsu. MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa yawanci an yanke masa abin da ya haura Hz 16,000, wannan da sauƙi. Wanda aka matse sau uku shi ne abin tausayi. Na fara gaya wa masu turo mini karatu su aiko shi a matsayin fayil, kada su danna makirufo su ɗauka daga wata sifikar.

Kaset kuma na gano rabin dushewar da nake ɗora wa tsufansa daga ɗan kan ƙarfen da ke karanta zaren kaset a cikin rediyon take. Na goge kan da auduga da sifirit, ya fito da jan datti. Sai ɗan sukurun da ke gefen kan, wanda ke daidaita tsayuwarsa da zaren. Kowane kaset da irin rediyon da aka ɗauke shi, don haka kowanne da inda yake so. Ina saka hedifon, in haɗe kunnuwan biyu su zama ɗaya, in juya sukurun kaɗan-kaɗan har sama-saman sauti ya fi fitowa. Da hedifon ɗin tire ban taɓa jin wurin da ya dace ba. Yanzu a fili yake, kwatar juyi ta isa ta sauya komai. A manhajar Audacity nake ɗauka, fayil ɗin WAV da ba a matse ba, mai Hz 44,100 da bit 16, in ajiye uwar, in matse kwafi sau ɗaya tak don memori.

15 ga Yuni

Ruwa ya sauka, zafi ya ragu, na koma karammiski dare da rana. Ya ɗan kwanta fiye da yadda ya zo a Janairu, na gwada kaurinsa da ashana na yi alama, in ga yadda zai kai kaka.

Batir mai bolt 9 ya fara cin aljihu, na kasuwa ba sa daɗewa. Malam ya ce mu nemi masu caji guda huɗu, biyu a ciki biyu a caji, maimakon mu jawo daga batirin sola mu sake gayyato zzzz. Na yarda.

Wata tsohuwa daga unguwar gabas ta aiko jikanta da kwali cike da kaset na mijinta marigayi, yawancinsu waƙoƙin gayya da na sallar gargajiya da ya ɗauka da kansa. Na saka na farko, sai na ji muryar tana rawa, tana hawa tana sauka. Zaren kaset santimita 4.76 yake tafiya a daƙiƙa, nawa ya daina riƙe wannan gudun. Bel ɗin rediyon ne ya saki, robar da ke matse zaren ma ta yi ƙyalli. Ba zan taɓa sauran ba sai an canja su. Malam ya auna tsohon bel ɗin da zare, zai shiga Kano ranar Laraba ya duba.